Waɗanda Aka Kora Zuwa Gajeren Zango



Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama labarun duniya bayan sallar Asuba ba zai rasa tuna yadda maigida kan zauna bisa buzu da akwatin rediyo a cinya ba, yana murɗa allura a hankali tsakanin mita 31 da mita 25, yana karkata eriya gabas da yamma, har muryar da ta taso daga Landan ta ratso ƙugi da shuu ta iso zaure. Ni kaina na ga an ɗaura wayar tagulla a bakin eriya an cilla ta bisa darbejiya, murya kuwa ta fito tas. To, shi wannan gajeren zango da muka gada muna saurare, cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya fa'idarsa akwai wasu bayin Allah da ba sarauta gare su ba, ba kuma kamfani, sha'awa kawai. Su ne 'yan rediyon sha'awa, masu riƙe da na'urar da ke ji kuma take mayar da magana, 'yar'uwar oba-obar da muka saba gani a hannun 'yan sanda da masu gadi. Labarinsu za mu ji yau, da 'yar nasiha ga mai niyyar bin sawunsu.

A daren 14 ga Afrilun 1912 jirgin ruwan Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara a tekun Atlantika, kafin gari ya waye ya nutse da rayuka fiye da 1,500. A wancan zamani wayar iska a Amurka ba ta da alƙali: duk yaron da ya sami batir da naɗin waya yana iya cika sarari da ƙara, domin da tartsatsin wuta ake aika saƙo, ƙwanƙwasa gajeriya da doguwa bisa ƙa'idar Morse. Cikin ruɗanin kwanakin nan har wasu jaridu suka buga cewa an kuɓutar da kowa, ana ma jan jirgin zuwa gaɓa; da gaskiya ta bayyana, aka shiga neman wanda za a ɗora wa alhakin cakuɗewar saƙonni, sai aka dubi 'yan sha'awa, da yake su ne marasa gata. A watan Agustan shekarar aka sa hannu a doka wadda ta wajabta musu lasisi, ta kuma tsare su a zangon mita 200 zuwa ƙasa. Hujjar masana a lokacin ita ce dogon zango ne mai cin nisa, gajere kuwa ba ya wuce bayan gari. Wato fako aka yanka musu, aka ce su je su noma.

Suka kuwa noma shi. A Disambar 1921 ƙungiyarsu ta Amurka ta tura wani mai suna Paul Godley zuwa Sikotilan, ya kafa tanti a wani fili na garin Ardrossan da ke bakin teku, ya miƙe doguwar waya bisa turaku, ya zauna dare bayan dare cikin ruwan sama da sanyin hunturu da abin ji a kunne, har ya kama tashoshin 'yan'uwansa fiye da 20 daga tsallaken teku. Amma wannan ji ne kawai, ba a mayar da martani ba. Sai a ƙarshen Nuwambar 1923 wani Bafaranshe, Léon Deloy, daga birnin Nis, ya sauko zuwa wajen mita 100, ya yi kira, Fred Schnell ya amsa masa daga jihar Connecticut, suka yi ta musayar saƙo kamar maƙwabta biyu da katanga ta raba. Wanda ya fi burge ni kuwa, wanda na karanta na sake karantawa, shi ne na Oktoban 1924, lokacin da wani saurayi ɗan shekara 18, Cecil Goyder, daga tashar makarantar Mill Hill a Landan, ya yi magana da Frank Bell, mai kiwon tumaki a Niyu Zilan. Ku duba fa, jama'a: ɗalibi a wannan gefe, makiyayi a wancan, tsakaninsu kusan iyakar nisan da ƙasa za ta iya sanyawa tsakanin mutum biyu. Ba a jima ba gwamnatoci da kamfanoni suka dawo suna neman rabonsu a fakon da suka yasar.

Sirrin abin yana sama. Can bisa gajimare da nisa, daga wajen kilomita 60 zuwa ɗaruruwa, hasken rana yana canza yanayin iska har ta zama kamar madubi ga gajeren zango. Saƙo ya tashi ya bugi madubin, ya dawo ƙasa, ya sake tashi, da haka yake tsallake teku da hamada. Da rana ɓangaren ƙasa na wannan rufi yana shanye wasu zanguna, da dare kuwa ya kau, shi ya sa tashar matsakaicin zango da ba ka ji da azahar take zuwa maka ɓaro-ɓaro bayan isha. Ita ranar kuma tana da zagayen shekara 11 na ƙarfi da rauni, wanda ma'abota wannan fanni suke lissafinsa kamar yadda manomi yake lissafin taurarin damina.

Yanzu ga nasihar da na fi so a riƙe, kuma zan maimaita ta saboda kunne mantuwa gare shi: eriya kafin akwati. Eriya kafin akwati. Mutum ya zuba dukiya a na'ura mai ƙyalli ya haɗa ta da gurguwar eriya, bai bambanta da wanda ya sayi ingarma ya ɗaure masa ƙafa ba. Alhali mafi shaharar eriya a duniya, wadda mafari da ƙwararre duka suke dogara da ita, waya ce kawai da ake samu a kowace kasuwa. Lissafinta ba wuya. A raba 143 da adadin megahaz da ake so, abin da ya fito shi ne tsawon wayar a mita. Mai son zangon mita 40, wato megahaz 7.1, zai sami mita 20 da 'yan kai. Mai son zangon mita 20, wato megahaz 14.2, zai sami mita 10 da ɗan ɗoriya. Sai a yanke ta gida biyu daidai wa daida, a raba tsakiyarsu da guntun bututun roba don kada su taɓa juna, a haɗa kowane ɓari da ɗaya daga cikin wayoyi biyu na kebul mai sulke, irin mai om 50, a zarce da kebul ɗin zuwa ɗaki. Bakin kowane ɓari shi ma a ɗaure shi da roba da igiya, kada a naɗe shi kai tsaye a jikin bishiya ko ƙarfe. A ɗaga ta sama gwargwadon iko, domin kowane taƙi da aka ƙara wajen tsawo ya fi kuɗin da za a ƙara wajen akwati albarka. Kuma a yanke ta da ɗan sarari, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ana duba ma'aunin da ke nuna yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ta mayar. Kowane tela ya san rage riga ya fi ƙara ta sauƙi.

Abu uku kuwa a nan sun wuce mustahabbi, wajibai ne. Kada eriya ta kusanci wayar lantarki, ko ta sama ko ta ƙasa, domin mutane sun rasa rayukansu ta nan. Idan hadari ya haɗo, a zare kebul daga akwati a fitar da bakinsa waje, kada a jira walƙiyar farko. Kada kuma a danna maɓallin magana babu eriya a haɗe, don ƙarfin da bai sami hanyar fita ba cikin na'urar yake komawa ya ƙone ta.

Game da akwatin, a taƙaice. 'Yar oba-obar hannu, mai wat 5, wadda ke aiki a zangon mita 2, ba ta san da wancan madubi ba. Iyakarta kusan iyakar ganin ido, 'yan kilomitoci a cikin gari, ta yadda wanda ya hau dutsen Dala zai fi na cikin kasuwar Kurmi nisan murya ko da na'urarsu iri ɗaya ce. Abin mamaki, ita ɗin dai takan kama tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a megahaz 145.8 idan ta gifta bisa kai, daga nisan wajen kilomita 400, saboda babu gini ko tudu a tsakani. Mai son ƙetare teku kuwa sai babban akwati na gajeren zango, galibi mai wat 100, wanda batir mai volt 12 yake ɗauka, sai dai yana zuƙar wajen amfiya 20 yayin magana, don haka a yi tanadin caji. Kafin duk wannan, a fara da saurare. A nemi rediyo mai maɓallin SSB, don a rediyon gida muryoyinsu kamar kukan agwagwa suke fita, a zauna watanni ana koyon ladabin majalisa kafin a buɗe baki a cikinta.

Saura mas'alar izini. Malamanmu na zaure ba su yarda almajiri ya zauna karantar da littafi ba sai malaminsa ya ba shi ijaza, bayan ya tabbatar ya fahimta. Lasisin rediyo kusan haka yake, domin a galibin ƙasashe sai an jarraba mutum a kan lantarki da ƙa'idojin aiki kafin a ba shi laƙabin kira, wanda babu mai irinsa a duniya. Hukumar sadarwa ta duniya, wadda aka kafa a 1865, mai mazauni a Janiba, ita ta raba wa ƙasashe haruffan farko: Najeriya 5N, Nijar 5U, Ghana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. Marigayi Sarki Husaini na Jodan shi ne JY1, kuma an san shi da shiga layi ya faɗi laƙabinsa da sunansa kamar kowa, ya yi hira da talakawan wasu ƙasashe. Idan mai mulkin ƙasa bai ga ƙasƙanci a riƙe laƙabi ba, ban ga uzurin ɗan kasuwar da ya sayo oba-oba a kwali ya hau surutu ba.

Ga sharuɗɗan aiki a gurguje. Ba a ciniki a wannan zango, ba a sa kiɗa, ba a magana da zaurance don ɓoye ma'ana, kuma ana faɗin laƙabi a kai a kai. Sharaɗin iya Morse, wanda ya daɗe yana korar mutane, an ɗauke shi daga dokar duniya tun 2003, aka bar wa kowace ƙasa zaɓi. Dokar Najeriya ta hana aiki da na'urar aika saƙo babu lasisi, kuma arahar oba-obar kasuwa tana da tarko, domin da yawansu suna iya faɗawa layin jami'an tsaro. A irin halin da yankinmu yake ciki, wanda aka tsayar a shinge da ita babu takarda zai sha tambayoyin da ba zai ji daɗinsu ba. A nemi hukumar sadarwa ta ƙasar da ake zaune, a nemi ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa, a yi karatu, a zauna jarrabawa. Wayar kam a miƙa ta tun gobe a yi ta saurare, amma don Allah kada yatsa ya taɓa maɓallin magana sai takarda ta zo hannu.