Maganin damuwar matasa ta hanyar tattaunawa a ƙananan asibitoci

Ciwon damuwa da na fargaba suna cikin cututtukan da suka fi addabar matasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. A garuruwan manoma irin su Yalwa, a yankin Rano da Kibiya na jihar Kano, yaro ba kasafai yake cewa yana cikin ƙunci ba. Abin da yake kaiwa asibitin sha-ka-tafi shi ne ciwon kai, faɗuwar gaba, rashin barci da kasala. Sau da yawa akan ba shi maganin zazzaɓi, a gida kuma a ce lalaci ne, ko iska, ko sammu.

Alamar da ke raba ciwon da ɓacin rai na yau da kullum ita ce daɗewa. Idan matashi ya yi mako biyu ko fiye yana cikin baƙin ciki, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, ya guje wa makaranta da gona da abokai, to lamarin na bukatar dubawa.

Magani ta hanyar tattaunawa ya sha bamban da nasiha ko faɗa. Mafi shahararsa shi ne tsarin da likitan Amurka Aaron Beck ya fito da shi a shekarun 1960, wanda ya ginu a kan cewa tunani da yanayin zuciya da aiki suna jan juna. Ɗalibar da ta faɗi jarrabawa takan ƙudurta cewa ba ta da amfani, sai ta shige ɗaki, kaɗaici kuma ya ƙara mata ƙunci. Jami'in lafiya yakan zauna da ita mako-mako, su auna wannan tunani da hujja, ya koya mata jan numfashi a hankali idan gabanta ya faɗi, su kuma tsara ƙananan ayyukan da za ta koma yi.

An gwada wannan a Afirka. A Harare ta ƙasar Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna samun sauƙi ƙwarai. A 2016 ɗin kuma aka buga sakamakon wani gwaji a Ibadan, inda zama biyar na rukuni ya rage damuwar ɗaliban sakandare. Ke nan ba sai ƙwararren likita ba. Ma'aikacin da ya samu horo da kulawar na sama da shi zai iya.

Tun 1991 Nijeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya a matakin farko, a Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Sai dai ƙwararrun jihar Kano sun fi taruwa a asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, zuwa can kuwa tafiya ce da ke cin kuɗin mota da yinin aiki.

Abin da ƙaramin asibiti ke bukata kaɗan ne: horo, keɓantaccen wuri, ma'aikaciya mace domin 'yan mata, da riƙon sirri, domin a garin da kowa ya san kowa, kunya kan rufe bakin yaro. Shigo da iyaye da limamai yana da muhimmanci, tunda addu'a da neman magani ba sa karo da juna. Matashin da ya ambaci kashe kansa, ko yake jin muryoyi, ko ya faɗa shan ƙwaya, ba a barinsa shi kaɗai. A tura shi Babban Asibitin Rano ko wurin ƙwararru ba tare da jinkiri ba.