Naɗaɗɗen Naman Jamusawa a Tukunyar Innarmu

A hutun da ya wuce mun dawo gida Bici, muka tarar nama ya yi tsadar da in an sayo rabin kilo sai an yi lissafin wa zai samu tsoka, wa zai tashi da ƙashi. Mu tara ne a gidan. Wannan ne ya sa muka roƙi Inna ta ba mu aron madafi na yini ɗaya, mu gwada wani girkin Jamusawa da ake kira Rouladen.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Faransanci mai nufin naɗewa. Jamusawa sukan fere naman cinyar sa falle-falle, su shafa masa mastad, su zuba albasa da jiƙaƙƙiyar kokwamba mai tsami, su naɗe kamar tabarma, su soya, sannan su bar shi ya dahu a hankali cikin romo. Sun fi cin sa ranar Lahadi ko lokacin biki, da dankalin turawa da jan kabeji. Sai dai a kula: a can sukan sa naman alade a ciki, wasu kuma su zuba giya a romon. Mu sai muka musanya su da kitsen rago da tumatir.

Aikin farko shi ne fere naman, kuma nan ne Bahaushe ba ya buƙatar malami. Duk wanda ya taɓa kallon mai kilishi yana shimfiɗa tsoka ta zama kamar takarda ya san hannun yana nan. Muka ce da mahaucin unguwarmu, “Baba, a fere mana kamar na kilishi, amma a bar masa ɗan kauri.” Ya yi dariya ya ce, “’Ya’yan nan, yau kuma me boko ya koya muku?” Daga rabin kilo ya fitar mana da falle tara.

Albasa da tumatir kuwa ba abin wahala ba ne ga wanda yake kusa da kasuwar Badume. Maimakon kokwamba mun yanka gurji, muka jiƙa shi da ruwan lemon tsami da gishiri tun dare. Maimakon mastad mun shafa yajin tsire. Kowane falle ya samu albasa, gurji da ɗan kitse, muka naɗe muka soke da tsinken sakace.

Bayan mun soya su sun yi ja a man gyaɗa, sai muka tafka kuskure: muka zuba ruwa muka ƙara itace don a gama da wuri. Tukunya ta hau tafasa da ƙarfi, naɗi biyu suka warware. Inna da ke gefe tana tsince shinkafa ta ce, “Ku janye itacen nan, ku bar garwashi kawai. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.” Muka rage wuta, muka rufe tukunya, ruwan bai wuce rabin naman ba, ya yi kusan awa biyu yana ɓararraka a hankali.

Ga abin da ’yan ajin kimiyya za su so: a jikin tsoka akwai wani sinadari mai suna kolajin, shi ke sa nama tauri. Idan ya daɗe cikin zafi da danshi sai ya narke ya koma jelatin. Shi ya sa naman ya yi laushin da cokali ke yanka shi, romon kuma ya yi kauri ba tare da an kaɗa gari ba.

Da magariba kowa ya samu naɗinsa a kan shinkafa, har da Auta wanda kullum sai ya yi kukan an ba shi ƙashi. Biyun da suka warware mu muka ci, tunda laifinmu ne.

Ya ku ƙannenmu, idan Babbar Sallah ta zo ku roƙi a ware muku tsokar cinya kafin a soye komai. Ku wanke hannu da faranti bayan taɓa ɗanyen nama, kada ku riƙe wuƙa ko ku tsaya gaban murhu sai da babba a kusa, kuma ku zare tsinken kafin ku miƙa wa yara.