Yadda maiƙon abinci ke toshe jijiyoyin jini

Da yawa daga cikinmu ƴan kasuwa, daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, a zaune muke wuni cikin rumfa. Ƙosai da fanke da safe, shinkafa mai maiƙo da rana, tsire ko balangu da dare. To, ina wannan maiƙo yake zuwa bayan mun haɗiye shi?

Hanji ne ke ɗaure kitsen cikin ƴan mitsi-mitsin ƙunshi, ya tura su cikin jini. Tsoka da sauran sassan jiki su ɗebi rabonsu, ragowar kuma, mai ɗauke da kolestarol, hanta ce ke kwashe ta cikin ƴan awoyi. Amma idan lodi ya yi yawa, ko mutum yana da ƙiba ko ciwon suga, sai kwashewar ta yi jinkiri. Ragowar ta daɗe tana yawo cikin jini, har wata ta kutsa cikin bangon jijiya ta maƙale.

A nan ne sojojin jiki ke shigowa, wato ƙwayoyin da likitoci ke kira makrofaj, waɗanda aikinsu shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta da duk wani datti. Sai su yi ta haɗiyar ragowar kitsen har su cika tim. Idan aka duba su da madubin likita kamar kumfa suke, shi ya sa ake ce musu ƙwayoyin kumfa. Suna kiran ƴan'uwansu, wuri ya kumbura, da yawa su mutu a nan. Shekara da shekaru tarin yana ƙaruwa, hanyar jini tana tsukewa, mutum bai jin komai. Ranar da tarin ya fashe sai jini ya daskare ya toshe hanya. In a zuciya ne, ciwon zuciya. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

Tun 1913 wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol ya ga jijiyoyinsu sun lalace. A 1979 Donald Zilversmit na Amurka ya jawo hankali ga awoyin da ke biyo bayan cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyi sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Ba cewa muke a bar nama ba. A rage kitse, man shanu da soye-soye, musamman na man da aka sha soyawa. A ƙara wake, gero, zogale da kifi. A bar taba. A yi tafiyar ƙafa ta kamar minti 30 kullum, kuma a riƙa zuwa asibiti awon jini da suga, domin in mai rumfa ya kwanta, ciniki ma ya kwanta.