Labarin Birnin Shumen, Inda Masallaci da Coci Suke Maƙwabtaka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai albarka in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wani birni a ƙasar Turai, wanda na ga akwai abin lura ƙwarai cikin tarihinsa.

Sunan birnin Shumen, yana cikin ƙasar Bulgeriya. Ita ƙasar nan, Kogin Danub ne ya raba ta da Romaniya daga arewa, Bahar Aswad yana gabas da ita, Turkiyya da Girka kuwa suna kudu. Shumen tana arewa maso gabashin ƙasar, kamar mil 55 yamma da Varna, babbar tashar jiragen ruwa. An gina garin a gindin wani tsauni mai shimfiɗaɗɗen kai, wanda ya kewaye shi kamar kofaton doki. Wannan tsauni shi ne asalin darajar garin, domin duk wanda ya riƙe shi ya tsare hanyar da ta fito daga bakin kogi ta nufi kudu.

A nan kusa aka haifi mulkin Bulgeriya. A shekarar 681 wani sarki mai suna Asfaruk ya kafa daula, ya yi gidan sarauta a Pliska, arewa maso gabas da Shumen. Mutanen nan a lokacin ba Kirista ba ne, ba kuma Musulmi ba. Sai a zamanin Sarki Boris, wajen 864, suka karɓi addinin Almasihu. A 893 aka mai da gidan sarauta Preslaf, ita ma kusa da Shumen, a zamanin Sarki Simiyon. Malaman da suka taru a can sun yi aikin rubutu da fassara mai yawa, masana da yawa kuma suna ganin a wurinsu ne aka tsara baƙaƙen da Rashawa da Sabiyawa da su kansu Bulgeriyawa suke rubutu da su har yau.

Akwai wani ƙauye gabas da garin ana ce da shi Madara, amma fa ba madarar shanu ba ce. A jikin wani dutse a can, sama da ƙasa kamar ƙafa 75, mutanen da sun sassaƙa siffar mahayin doki ya soke zaki da mashi, karensa na biye. Aikin ya fi shekara 1,200. A 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya, an kuma buga hotonsa a kan ƙananan kuɗin ƙasar.

Ga abin da zai daɗaɗa wa malamai rai. Masana tarihi suna cewa farkon wanda ya rubuta sunan garin nan Balarabe ne, watau Al-Idrisi, cikin littafinsa na labarin ƙasa da ya gama a 1154. Cikin wannan littafi ɗaya kuwa ya ba da labarin Gana ta da, da Kaukau, da Kanem. Ashe tun shekara 800 da ɗoriya alƙalami ɗaya ya haɗa su da ƙasashenmu na Sudan.

A 1388 Turkawan Daular Usmaniyya suka ci garin. A 1444 rundunar Sarkin Folan ta rushe ganuwar da ke bisa tsaunin, daga nan ba a sāke gina ta ba, zaman gari ya koma gindin dutse. Turkawa suka mai da Shumen babban sansanin yaƙi, ɗaya daga cikin birane huɗu masu tsaron wannan yanki, sauran su ne Ruse da Silistra da Varna. Rashawa sun kawo mata yaƙi a 1774 da 1810 da 1828, ba su iya cinta ba. Sai a 1878, bayan an gama yaƙi, aka miƙa ta ta hanyar sulhu.

A zamanin Turkawan ne, a 1744, Sharif Halil Fasha ya gina masallacin da ake kira Tombul, watau mai ƙiba, saboda siffar ƙubbarsa. Ƙubbar ta kai ƙafa 80, hasumiyar kuwa wajen ƙafa 130. A harabarsa akwai wurin alwala a tsakiya, da ɗakunan almajirai kewaye, da ɗakin littattafai. Babu masallacin da ya fi shi girma a duk Bulgeriya. Su kuma Kiristocin garin ba su kwanta ba: a 1856 suka buɗe ɗakin karatu na jama'a da kuɗin aljihunsu, yana cikin na farko a ƙasar, a shekarar nan kuma suka yi wasan kwaikwayo da harshensu. A 1922 Musulmi suka sami makarantar Nuwwab, mai horar da malamai da na'iban muftai.

To, jama'a, ga inda maganata ta nufa. Da 'yan kwaminis suka karɓi mulki, sai suka shiga sāke sunaye. A 1950 suka ce garin ba Shumen ba ne, Kolarofgrad ne, don girmama wani shugabansu. Shekara 15 kaɗai sunan ya yi, a 1965 aka koma ga na asali. Makarantar Nuwwab kuwa aka raba ta da karatun addini. Abu mafi muni ya zo a 1984 da 1985, sa'ad da aka tilasta wa Turkawan ƙasar su bar sunayensu na Musulunci su ɗauki na Bulgeriyawa, aka hana su magana da harshensu a fili. A 1989 mutum fiye da 300,000 suka yi hijira zuwa Turkiyya, lardin Shumen yana cikin inda abin ya fi taɓawa. A ƙarshen shekarar nan mulkin ya faɗi, aka ba mutane damar karɓar sunayensu, a 1990 Nuwwab ta koma bakin aikinta. A 2012 majalisar ƙasar da kanta ta yi Allah wadai da abin da aka yi.

Ku duba fa. Sunan da aka ɗora da ƙarfi bai wuce shekara 15 ba, masallacin Tombul kuwa ya haura shekara 280. Yau baƙo zai hau matakala 1,300 zuwa babban ginin tunawa da masu kafa daula, wanda aka yi a 1981 bisa tsaunin, ya leƙo ƙasa ya hango hasumiya da coci-coci cikin gari ɗaya. Mai mulki yana iya sāke allon suna da dare ɗaya, amma abin da ke zuciyar talakawa ba ya goguwa da doka. Mu da Allah ya ba ikon riƙe alƙalami, ko a aji ko a ofis, ya kamata mu riƙa koya wa yara tarihin garuruwansu dukansa, har da rabon waɗanda ba addininsu ɗaya ba. Wanda ya san maƙwabcinsa yana da hannu a ginin gari, da wuya a zuga shi ya kore shi.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin. Haza wasalam.

Naku,
Wani Akawu