Zomo cikin garkar lakkwal

Lokacin ɗari ne ake dashen salati da shu, a shuka karoti. A lokacin nan ciyawar daji ta bushe, babu ɗanyen haki sai inda ake ban ruwa. Shi ya sa zomo yake matsowa kusa da gari.

Da rana ba a ganin shi. Zomon daji ba ya gina rami, laɓewa yake yi a gindin sabara. Sai dare ya yi ya shigo. Da safe yara su tarar da fangali guda babu ko ganye, ban ruwan sati uku ya tafi banza.

Sau da yawa akuya ake ɗora ma laifi. Amma akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, fizgar ganye take yi, ta bar shi a yayyage. Zomo kuwa haƙoranshi na gaba suna da kaifi. Yana datse tsiro a karkace, kamar an sa reza. Kashin da yake bari kamar ƴaƴan magarya ne, in an murje sai a ga haki.

Darnin da aka yi don awaki ba ya tsare zomo. Yana da tsawo, amma ƙasanshi duk kafofi ne, zomo kuwa ta ƙasa yake kutsawa. Don haka sai a gina ɗan rami kewayen garka, a jera karan hatsi gab da gab, a binne gindinsu, a ɗaure da igiyar kaba. Daga waje a tara ƙayar magarya. Mai wayar giriyaji ya zaɓi mai ƙananan idanu, ta kai metir 1, a binne santimetir 15 cikin ƙasa.

Ƙananan itatuwa ma suna cikin hatsari. Zomo yana gurgurar ɓawonsu, in ya kewaye icen duka, sai ya mutu. A naɗe musu tsohuwar zana har sama da gwiwa.

Mutum-mutumi da gwangwanaye masu ƙara suna razana shi kwana kaɗan, sannan ya saba. Guba kam ba a sa ta kusa da abin da mutane za su ci.

Gara tana cin gindin kara. Kowane sati mai ban ruwa ya kewaya darni, ya toshe inda ya ɓule, ya duba ƙarƙashin ƙyaure kafin ya rufe.