Ko Kun Sani? Sifaniyanci Ma Yana da Nasa "So"

Saurayi a Mai Yara, cikin yankin Dakoro, zai ce wa budurwa "ina son ki", ya juya ya ce wa mai fura "ina son ta dala ashirin". Kalma ɗaya, aiki biyu. Faransancin da ya koya a lakwal ya raba su: vouloir daban, aimer daban.

Sifaniyanci kuwa ya bi sahun Hausa. Da querer ake cewa "quiero agua", ina son ruwa, da ita kuma ake cewa "te quiero" ga uwa, aboki ko masoyiya. Asalinta kalmar Latin ce, quaerere, wato nema. Idan son mutum ake nufi, sai a saka ɗan harafin a: "quiero a mi madre", ina son uwata.

Akwai kuma amar, mai nauyi irin na ƙauna. A Sifaniya ba kasafai ake furta "te amo" ba, an fi jin ta a waƙoƙi da finafinai. Mutanen Meziko sun fi sakin baki da ita, shi ya sa ta cika wasanninsu na talabijin.