Aska Takwas Ko Aikin Inji? Yadda Masana Ke Karanta Riga

Duk wanda ya zaga wajen 'yan Arewa masu sayar da riguna da huluna a Mile One ta Fatakwal, ko a Anacha da Inugu, zai ga kaya iri biyu rataye wuri guda, watau aikin hannu da wanda ake ce wa aikin kwamfuta. Daga nesa ba su da maraba, amma a kuɗi akwai rata mai yawa, kuma nan ne ake cutar baƙo.

Tsofaffin maɗinka ba sa duban riga a dunƙule. Rarraba ta suke yi gida-gida, kowane zane da sunansa da mazauninsa. Askake su ne dogayen zanen nan masu tsini da ke wajen aljihu, a hagun ƙirji, da su ake kiran rigar, ko aska biyu ko aska takwas. Tambari shi ne da'irar da ke nannaɗe a dama, akan kuma sa wani a baya. Ga gidan biyar, ga dagi. Da can malami ne ke zana su a jikin saƙi, sa'an nan mai allura ya bi da zaren tsamiya, wani lokaci har ya share watanni. Wani Bature, David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi diddigin waɗannan sunaye, ya kuma shirya nunin kayan fasahar Hausa a Landan cikin 1976.

Turawa ma sun zo ga wannan dabara ta tasu hanyar. A 1977 masanin gini Christopher Alexander da abokan aikinsa suka jera fasali 253 da ke maimaituwa a gine-gine da garuruwa, daga baya masu kwamfuta suka ari tsarin. Da shi akan iya feɗe abin da ake kira demo, wani ɗan gajeren wasan hoto da kiɗa da samarin Turai suka fara yi a kan Commodore 64 da Amiga don nuna gwaninta. A nan ma abubuwan ƙidayayyu ne: rubutu mai tafiya, akwati mai juyawa, rami mai zurfi. Gwani shi ne wanda ya san inda zai sa kowanne. Ƙasar Finlan ta sa wannan wasa cikin jerin al'adunta na gado a 2020.

To, inji ya iya kwaikwayon aska da tambari, amma bai san mazauninsu ba, abin da aka ɗora masa yake bi. Shi ya sa akan ga tambari ya tsuke, ko dagi ya faɗo inda ba a taɓa sa shi ba. Mai saye ya ƙirga askaken tukuna, sa'an nan ya juya bayan rigar. Aikin hannu yana da ƙulli nan da can, tazarar allura ba ta zama ɗaya. Na inji kuwa sumul yake, da zaren ƙasa shimfiɗe a baya, sau da yawa har da guntun takardar da aka tokare yadin da ita.